Koyon Aikin Hannu a Tiyata: Horon Farko na Sabon Likita

Gabatarwa

Kalmar nan "tiyata" da ta zauna daram a bakin Bahaushe, asalinta a Ingilishi sunan ɗaki ce, ba sunan aiki ba. Turawa sun kira ɗakin da ake yi wa majinyaci aiki da sunan da suke kiran gidan wasan kwaikwayo, domin a zamanin da akan gina shi ne da kujeru hawa-hawa, ɗalibai su jeru daga sama suna leƙen abin da malaminsu yake yi a ƙasa. Har yanzu akwai irin wannan ɗaki a birnin Landan, na tsohon asibitin St Thomas, wanda aka gina cikin shekarar 1822, aka kuma mai da shi gidan tarihi. Bahaushe ya ari sunan ɗakin ya laƙaba wa aikin, ya ajiye kalmarsa ta gado, watau "fiɗa", a gefe guda, wataƙila don tana tuna masa da mahauta. Ashe ke nan ita kanta kalmar tana ɗauke da tarihin yadda aka daɗe ana koyon wannan sana'a, watau da kallo.

Kallo kuwa bai taɓa isar mai koyon aikin hannu ba. Ɗalibin likita a Nijeriya yakan shafe shekara shida a jami'a, ya haddace sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, ya san yadda ciwo yake tsira da yadda yake yaɗuwa, amma ranar da aka miƙa masa allura da zare aka ce ya ɗinke goshin yaron da ya faɗo daga bisa katanga, sai ya tarar cewa abin da ke cikin kai dabam, abin da ke cikin yatsu dabam. Wannan lacca za ta duba yadda ake cike wannan giɓi: abin da ake koya wa sabon likita, da dalilin da ya sa aka fitar da koyon daga jikin majinyaci aka kai shi kan tebur, da kuma inda wannan dabara ta gaza.

A Kan Wa Ake Koyo?

Larabawa suna da wani karin magana mai ɗaci game da mutumin da ya koyi ƙaho a kawunan marayu. Ma'anarsa a fili take: duk mai koyo sai ya yi kure, kuren nan kuwa yakan faɗa ne a kan wanda ba shi da mai tsaya masa. Wannan ita ce matsalar da ke ƙarƙashin dukkan maganar horon tiyata tun farkonta. Babu ƙwararren da bai taɓa zama ɗan koyo ba, babu kuma majinyacin da zai so a ce a jikinsa aka fara.

A ƙasar Hausa wanzamai sun bi da wannan matsala ta hanyar jinkiri da gado. Ɗan wanzami yakan fara da ɗaukar zabira da wasa aska, sa'an nan a bar shi ya yi aski, can bayan shekaru ya kai ga ƙaho da sakiya, kaciya kuwa sai hannunsa ya nuna. Ba abin mamaki ba ne a ji cewa haka tiyata ta taso a Turai ma. Cikin 1540 Sarki Henry na Takwas ya haɗa wanzaman Landan da masu tiyata a ƙungiya ɗaya, ba su rabu ba sai cikin 1745, daga nan ne kuma Kwalejin Sarauta ta Likitocin Tiyata ta samo asali cikin 1800. Shi ya sa har gobe likitan tiyata a Ingila ake kiransa "Mista" maimakon "Dakta", don tunawa da lokacin da shi mai sana'ar hannu ne, ba ɗan jami'a ba.

Amma tun kafin wannan an sami masu hangen nesa. A tsohon littafin likitanci na Indiya wanda ake danganta wa Sushruta, an umarci ɗalibi da ya koyi yanka a jikin kabewa da duma da kankana, ya koyi ɗinki a jikin ƙyalle da fata mai laushi, ya koyi huda jijiya a jikin mushen dabba, kafin ya taɓa mutum. Abul Ƙasim Al-Zahrawi na Kurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe kashi na talatin na littafinsa Al-Tasrif ga aikin hannu, ya zana kayan aiki kusan 200 domin ɗalibai su ga siffarsu, ya kuma bayyana yin ɗinkin ciki da zaren hanjin dabba. Ya yi gargaɗi ƙwarai cewa wanda bai san tsarin jiki ba, idan ya riƙe aska, kisa zai yi.

Tsarin da duniya ta bi a ƙarni na ashirin ya fito ne daga Amurka. Cikin 1889 aka buɗe asibitin Johns Hopkins a Baltimore, inda William Halsted, wanda ya ga yadda Jamusawa suke horar da mutanensu, ya kafa tsarin da matashin likita zai tare a asibiti shekara da shekaru, ana ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda ya nuna iyawa. Da wannan tsari ake danganta maganar nan da ta zama kamar take a tsakanin masu tiyata: ka ga ɗaya, ka yi ɗaya, ka koyar da ɗaya. Tsarin ya fitar da gwanaye, babu shakka. Sai dai gwanayen ba su da yawa, domin cikin shekara talatin da 'yan kai Halsted bai yaye manyan almajirai fiye da 17 ba. Ban da wannan kuma, abin da almajiri zai koya ya dogara ne ga irin majinyatan da suka zo, da kuma halin malamin da ya faɗa hannunsa.

Abin da Ya Sa Aka Sake Shawara

Abubuwa biyu suka girgiza tsohon tsarin a ƙarshen ƙarnin. Na farko shi ne sa'o'in aiki. Cikin 1984 wata yarinya mai shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibiti a birnin New York a hannun ƙananan likitoci waɗanda aiki ya yi wa yawa, mahaifinta kuwa ɗan jarida ne, bai bar maganar ta kwanta ba. Daga bisani, cikin 2003, aka ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa a Amurka awa 80 a mako, a Ingila kuma dokar Tarayyar Turai ta sauko da su zuwa awa 48 cikin 2009. Wannan alheri ne ga majinyaci da likita baki ɗaya, amma ya rage lokacin da ɗan koyo yake tsayuwa a ɗakin tiyata.

Na biyu shi ne tiyatar madubi, watau wadda ake yi ta ƙananan huji da dogayen kayan aiki ana kallon allo. Erich Mühe ya cire matsarmama ta wannan hanya a Jamus cikin 1985, Philippe Mouret kuma ya yi a birnin Liyon na Faransa cikin 1987. Kafin a ce haka dabarar ta bazu, manyan likitocin da suka shekara ashirin suna aiki suka koma 'yan koyo, wasunsu bayan kwas na kwana biyu kacal. Abin da ya biyo baya a farkon shekarun 1990 shi ne ƙaruwar raunata bututun da ke kai ruwan matsarmama hanji, rauni mai wuyar gyara wanda kan lalata rayuwar mutum. Wannan ya nuna wa kowa cewa shekaru da muƙami ba su maye gurbin horo.

A cikin wannan yanayi ne Kwalejin Sarauta ta Likitocin Tiyata ta Ingila ta fito da kwas ɗin dabarun tiyata na farko cikin 1994, sauran kwalejojin Birtaniya da Ailan suka rungume shi, ya kuma yaɗu zuwa ƙasashe masu yawa. Kwas ne na 'yan kwanaki, kusan dukkansa aikin hannu ne a kan tebur, malami ɗaya ga ɗalibai ƙalilan. Manufarsa ba ta wuce a koya wa kowa hanya ɗaya amintacciya ta yin kowane abu ba. Ba a ce ita kaɗai ce hanya ba. An ce dai wanda ya riƙe ta ba zai yi ɓarna ba, in ya girma ya zaɓi tasa.

Wanka da Shiga

Darasin farko ba ya ƙunshe da aska ko kaɗan. Ana fara koya wa sabon likita wanke hannu ne, abin da zai ɗauka ya iya tun yana yaro. Mai alwala ya san wankin hannu zuwa gwiwa, amma a nan ana cuɗawa da sabulu mai kashe ƙwayoyin cuta na minti uku zuwa biyar, a bi kowane yatsa ta fuskokinsa huɗu, a kuma riƙe tafin hannu sama da gwiwa domin ruwa ya gangara daga wuri mai tsabta zuwa wanda bai kai shi ba. Daga nan sai sanya riga da safar hannu ba tare da fatar mutum ta taɓa bayansu ba. Wanda ya manta ya gyara tabarau ko ya sosa hanci, sai ya koma ya sake tun daga farko.

Wannan tsanani yana da tarihi. Cikin 1847 Ignaz Semmelweis ya lura a babban asibitin Biyana cewa mata masu haihuwa sun fi mutuwa a sashen da ɗaliban likita suke aiki bisa ga sashen ungozoma, domin ɗaliban daga ɗakin gawa suke fitowa su duba masu naƙuda. Da ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka faɗo daga kimanin kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu zuwa kashi biyu ko ƙasa da haka a watannin da suka biyo. Abokan aikinsa da yawa ba su yarda da shi ba, ya kuma mutu cikin 1865 ba tare da ya ga nasarar ra'ayinsa ba. Joseph Lister ne ya buga sakamakon aikinsa da sinadarin kabolik cikin 1867, sannu a hankali duniya ta bi. Safar roba kuwa, ba don majinyaci aka fara ta ba: Halsted ya sa kamfanin Goodyear ya yi wa ma'aikaciyar jiyyarsa Caroline Hampton ita ne don magungunan wanke hannu suna cin fatarta, daga baya kuma ya aure ta.

Sa'an nan a zo ga riƙon kayan aiki. Almakashi da mariƙin allura ana sa musu babban yatsa da yatsan zobe, manuni ya miƙe a kansu yana tokarewa. Hantsaki ana riƙe shi kamar alƙalami, mai haƙori na fata ne, marar haƙori na hanji da jijiya. Ruwan aska ba a ɗora shi ko cire shi da yatsu, ba a kuma miƙa aska hannu da hannu, sai a ajiye ta a cikin tasa ɗaya ya ɗauka. Dalili shi ne ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, sokewa ɗaya kuwa ta isa.

Ƙulli

Idan akwai wurin da ya kamata a dakata a wannan bayani, to ƙulli ne, domin a kansa rai yake rataye a zahiri. Jijiyar jinin da aka ɗaure a cikin ciki, da zarar an rufe cikin babu mai sake ganinta. In ƙullin ya kwance da tsakar dare, jini zai yi ta tsiyaya a ɓoye, ba za a farga ba sai bugun zuciya ya ƙaru, jiki ya yi sanyi.

Ƙullin da ake koyarwa shi ne wanda matuƙan jirgin ruwa suka daɗe da sani, mai zagaye biyu masu saɓa wa juna: na farko dama bisa hagu, na biyu hagu bisa dama. Idan aka yi su duka ta fuska ɗaya, sai a sami ƙulli mai kama da na gaskiya a ido, amma yana zamewa da an ja shi. Akwai kuma wani kure wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Ko da an yi zagayen daidai, in mai ƙullin ya ja bakin zare ɗaya sama ya bar ɗayan sake, ƙullin yakan juye ya zama zarge, watau zare ɗaya ya miƙe ɗayan ya naɗe shi kawai. Saboda haka ake koya wa ɗalibi ya riƙa musayar hannuwansa bayan kowane zagaye, ya kwantar da ƙullin shimfiɗe, ya bi shi da manuni har gindinsa. Akan ƙara zagaye na uku don tabbatarwa, a zare mai santsi irin nailan kuwa har shida ko fiye. Inda nama yake ja da baya, akan naɗa zagayen farko sau biyu domin ya riƙe kafin na biyu ya iso, shi ne ake kira ƙullin likitan tiyata.

Ana fara koyon wannan da igiya mai kauri mai launi biyu, domin ido ya ga yadda zaren yake kwanciya, sa'an nan a koma zaren gaske. Akwai ƙulli da hannu biyu, da na hannu ɗaya, da na mariƙin allura. Daga nan sai a ƙara wa ɗalibi wahala da gangan: a ba shi robobi biyu masu ja da baya ya haɗa su, sa'an nan a ba shi ƙugiya a gindin wani dogon gwangwani ya ɗaure ta ba tare da ya ɗaga ta ba, domin jijiyar da ke can cikin ƙugu in aka fizge ta tsinkewa za ta yi. Masu wannan sana'a sukan ba da shawara ɗalibi ya riƙa yawo da zare a aljihu, ya ƙulla a maɓallin riga, a hannun kujera, har yatsu su daina neman izinin ƙwaƙwalwa.

Zare da Ɗinki

Zaren tiyata iri biyu ne: wanda jiki yake narkarwa da wanda ba ya narkewa. Na farko a da daga hanjin tumaki ko shanu ake yin sa, yanzu kuwa na masana'anta ya fi yawa, kamar Vicryl wanda ya fito cikin 1974. Na biyu ya haɗa da siliki da nailan. Kaurinsa da sifiri ake ƙidaya shi, kuma yawan sifiri shi ne sirantaka: 2-0 ya fi 4-0 kauri, fuska takan so 5-0 ko 6-0, ido kuwa har 10-0, wanda ya fi gashin kai siranta. Allurar lanƙwasasshiya ce, saboda haka ba tura ta ake yi ba, juya wuyan hannu ake yi ta bi lanƙwasarta.

Ƙa'idar ɗinkin fata ita ce a haɗa bakunan rauni su sumbaci juna, ba a shaƙe su ba. Sabon hannu yakan ɗaure da ƙarfi don tsoron kada ya kwance, alhali rauni yana kumbura bayan kwana ɗaya ko biyu, zaren da aka matse sai ya hana jini isa wurin, naman ya mutu. Allura ta shiga a tsaye, ta ɗebi nama daidai wa daida a kowane gefe, bakin fatar ya ɗan tasa sama. Zaren fuska akan cire shi bayan kamar kwana 5, na hannu da ƙafa kwana 10 zuwa 14. Hatta inda za a tsaga yana da ilmi, domin tun 1861 Karl Langer ya nuna cewa fata tana da layukan da take ja, tsagar da ta bi su ta fi warkewa da ƙaramin tabo. Duk wanda ya ga yadda wanzami yake zaɓen inda zai yi tsaga a kumatu ya san cewa ido ya riga littafi gano wani abu daga cikin wannan.

Masu ɗinkin babbar riga za su ji daɗin wani labari. Cikin 1894 aka soki shugaban Faransa Sadi Carnot da wuƙa a Liyon, wuƙar ta yanke babbar jijiyar hanta, likitocin zamanin kuwa ba su iya ɗinke jijiya ba, ya mutu. Wani matashin likita na garin, Alexis Carrel, ya ɗauki abin a ransa, aka ce har wurin wata gwanar surfani ya je ya koyi sarrafa siririyar allura. Cikin 1902 ya bayyana hanyar ɗinke jijiyoyi baki da baki, cikin 1912 aka ba shi kyautar Nobel.

A kan tebur ana koyon ɗinkin fata a jikin roba ko fatar dabba, haɗa hanji a hanjin dabba daga mahauta, ɗinkin agara a ƙafar dabba. A Ingila ta alade aka fi amfani da ita, inda wannan bai dace ba kuwa ta saniya ko akuya ta wadatar. Rufe ciki ana gwada shi da wani kwano da aka rufe da roba mai hawa-hawa, aka sa balan-balan a ƙarƙashi a madadin hanji. Wanda allurarsa ta zarce zai ji ƙarar fashewa, ɗakin kuma ya ji tare da shi. A nan ake koyar da ƙa'idar da Jenkins ya kafa cikin 1976, cewa tsawon zaren da aka ci ya ninka tsawon tsagar sau huɗu, watau tsaga mai santimita 20 ta ci zare santimita 80. An daɗe ana koyar da cewa a ɗebi santimita ɗaya a bar santimita ɗaya. Amma wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan aka buga cikin 2015 ya nuna cewa ƙananan ɗinki na milimita 5 sun rage ɓullowar ƙaba a wurin tabon daga kashi 21 cikin ɗari zuwa kashi 13 bayan shekara guda. Abin da malami ya koya yana saurayi, ke nan, ba lalle ne ya zama shi zai koyar da tsufansa ba.

Sauran darussa za a iya ambatarsu a gurguje: sakiyar ƙurji, cire ƙari daga fata, tsai da jini, ɗora filasta ga karaya, da amfani da na'urar ƙona jijiya da lantarki wadda William Bovie ya ƙera Harvey Cushing ya fara aiki da ita cikin 1926. Biyu dai sun cancanci a tsaya a kansu. Ɗaya shi ne sanin raunin da ba a ɗinkewa. Raunin da ya kwana, ko wanda ƙasa da taki suka shiga, in aka rufe shi an kulle ƙwayoyin cuta ne a ɗaki mai ɗumi. Wanke shi ake yi, a yanke mataccen nama, a bar shi buɗe na 'yan kwanaki. Ɗayan shi ne lissafin allurar kashe zafi. Ana koyar da cewa lidoken kada ya wuce miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin mutum, in ba a gauraya shi da adirenalin ba. Ruwan mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari yana da miligiram 10 a kowace mililita, saboda haka babba mai kilo 60 zai ɗauki mililita 18, yaro mai kilo 10 kuwa mililita 3 kacal. Wanda ya zuƙo cikin sirinji bai yi wannan lissafi ba yana iya jefa yaron cikin farfaɗiya ko tsayawar zuciya a kan raunin da bai kai ya kawo ba.

Yadda Ake Koyarwa, da Iyakar Abin

Hanyar da aka fi bi ita ce ta matakai huɗu wadda Rodney Peyton ya bayyana cikin 1998. Malami ya yi aikin shiru da saurinsa na kullum. Ya sake yi a hankali yana bayani. Ya sake yi ɗalibi yana gaya masa abin da zai yi. Sa'an nan ɗalibi ya yi da hannunsa yana faɗin kowane mataki kafin ya taka. Mataki na uku shi ne gishirin abin, domin a nan ne ake gane wanda ya fahimta da wanda ke gyaɗa kai kawai. Game da aunawa kuma, cikin 1997 masana a Jami'ar Toronto ta Kanada suka fito da wata jarrabawa wadda ake ba ɗalibi maki a kan yadda yake tausaya wa nama, da yawan motsin banza, da sanin kayan aiki, maimakon a dogara ga ra'ayin maigida.

Duk da haka bai kamata a ɗora wa kwas na kwana biyu abin da ba zai iya ɗauka ba. Daga ita wannan jami'a ta Toronto aka buga wani bincike cikin 2006, inda aka raba likitoci masu neman ƙwarewa gida biyu aka koya musu ɗinkin ƙananan jijiyoyi. Kashi ɗaya aka ba su darussa huɗu a yini guda, ɗayan kuma darasi ɗaya kowane mako har mako huɗu. Da aka gwada su bayan wata guda, waɗanda aka rarraba wa darasi suka fi riƙe abin da suka koya. Takardar shaida da ake bayarwa ranar ƙarshe shaidar halarta ce. Hannun da bai ci gaba da ƙulli ba zai manta. Kuma roba ba ta zubar da jini, ba ta da 'yan'uwa a bakin ƙofa. Sanin lokacin da ya kamata a yi aiki, da lokacin da ya kamata a fasa, da lokacin da ya kamata a aika a taso babba daga barci, waɗannan ba a koyonsu a kan tebur.

Haka kuma an gane cewa ɓarna da yawa ba daga yatsu take fitowa ba, daga rashin magana ne. Cikin 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takardar bincike mai tambayoyi 19, wadda ake karantawa kafin a sa majinyaci barci, da kafin a tsaga, da kafin a fita da shi: shin shi ne mutumin, shin nan ne gefen, shin ƙyallayen tsane jini da allurai sun cika? Da aka gwada ta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace suka ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. A wurin da al'ada ta hana ƙarami ɗaga murya gaban babba, koya wa sabon likita ya ce "Ranka ya daɗe, ƙyalle ɗaya bai fito ba" ya fi koya masa ƙulli wuya.

Halin da Ake Ciki a Nijeriya da Nijar

A Turai sabon likita yakan yi wannan kwas ne don shirin neman ƙwarewa, da wuya kuma a bar shi shi kaɗai da aska. A Nijeriya lamarin ya sha bamban. Bayan jami'a yakan yi shekara ɗaya ta horon asibiti, wata uku-uku a sassa huɗu: cututtukan manya, da yara, da mata da haihuwa, da tiyata. Daga nan sai bautar ƙasa, inda ba abin mamaki ba ne ya tsinci kansa shi ne likita ɗaya tilo a babban asibitin wata ƙaramar hukuma. Can zai haɗu da mai naƙudar da ta kwana biyu, da yaron da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji, da manomin da ƙaba ta shaƙe, da ɗan acaɓar da ƙashi ya ɓullo masa. Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda ta faro a matsayin ƙungiya a Ibadan cikin 1960, da Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa wadda aka kafa cikin 1979, suna neman masu shiga fannin tiyata su yi irin wannan kwas. Amma waɗannan su ne waɗanda suka riga suka sami gurbi a asibitin koyarwa, inda manya suke kusa. Wanda ya fi bukatar horon shi ne na ƙauye, shi ne kuma ya fi nisa da shi.

Alƙaluma sun nuna girman abin. Kwamitin da mujallar Lancet ta kafa ya ba da rahoto cikin 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da halin samun tiyata amintacciya a kan lokaci da kuɗin da za su iya biya, ana kuma bukatar ƙarin ayyuka miliyan 143 kowace shekara. Ya ba da shawarar a sami ƙwararru 20 na tiyata da haihuwa da sa barci ga kowane mutum 100,000, adadin da ƙasashen yankin suke nesa da shi ƙwarai. Ya kuma ware ayyuka uku a matsayin ma'aunin asibitin gunduma: fitar da jariri ta ciki, buɗe ciki, da gyaran karayar da ta huda fata. Cikin 2018 aka buga wani bincike da ya bi majinyata fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa ko da yake sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin wasu cututtuka, haɗarin mutuwarsu bayan aikin da aka shirya ya ninka sau biyu. Akasarin waɗanda suka mutu ba a kan tebur suka mutu ba, a ɗakin jiyya ne, cikin kwanakin da suka biyo, inda ba a farga da wuri ba.

Wasu ƙasashe sun nemi mafita ta kansu. Mozambik ta fara horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba su yi tiyata cikin 1984, su ne kuma suka riƙe yawancin aikin haihuwa a asibitocin karkara. Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya, ta riƙa ɗaukar likitoci na gama-gari tana ba su horo na musamman kan tiyatar gunduma kafin ta tura su, domin mai ciwo a ƙauye ya daina doguwar tafiya zuwa Yamai ko Damagaram. A Katsina kuma, asibitin Babbar Ruga, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan Kees Waaldijk ya fara gyaran yoyon fitsari a shekarun 1980, ya zama makarantar da likitoci daga ƙasashe da dama suka zo suka koyi aiki ɗaya tak har ya zauna musu a hannu.

Kayan da kwas ɗin farko yake bukata ba su fi ƙarfin kowane asibitin koyarwa ba: tebur, da katako mai ƙugiya, da igiya, da zaren da wa'adinsa ya wuce, da hanji da ƙafar saniya waɗanda za a samu a kowace mahauta da sassafe. Abin da yake da tsada shi ne lokacin malami, domin ƙwararren da zai zauna yini biyu yana duban yatsun mutum huɗu ya bar layin majinyata ne a waje suna jiransa, a ƙasar da takwarorinsa da yawa suka riga suka tafi Ingila da Saudiyya.